Yadda Kujerar Malam Ta Koma Garinsu

Tun da na dawo, matan Islamiyyarmu ta Gyaɗi-Gyaɗi ba su bar ni na huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Inna Asabe, yaya Nijar?" Waccan ta ce, "Wai da gaske 'yarki ce ta tuƙa ki har cikin sahara?" Duk wadda na fara ba wa labari, kafin in kai rabi kuka ya ci ƙarfina. Shi ya sa na roƙi Malama Hindatu ta zauna da takarda, ni ina faɗa tana rubutawa, tunda ni ko baƙi ɗaya ban sani ba. Wadda ta sake tambaya sai a karanta mata. Idan kun ga magana ta yanke ta koma wani wuri, nan ne na tsaya share hawaye.

Mai gidana, Malam, mutumin wani ƙauye ne a arewa da Damagaram. Yana saurayi ya zo Kano, ya kama sana'ar wankin hula a bakin titin gidan zu, a nan ya tsufa. Mun fi shekara arba'in tare, ban taɓa taka garinsu ba. Kullum sai ya ce bayan damina, ko bayan Sallah. Har Allah ya karɓi abinsa.

Cikin 'yan uwansa mutum ɗaya ta rage, yayarsa Yaya Hadi. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ina amarya. Bayan na fita takaba wani mai fataucin dabbobi ya kawo min saƙonta. Ya ce idanunta sun tafi, jikin ma ya ƙi daɗi, ta ce a gaya wa matar ƙaninta tana son jin muryarta kafin ita ma ta bi shi.

Ni ma ina da tawa buƙatar. Kun san mu ba ma faɗin sunan miji. Ban taɓa faɗa ba, ba kuma zan faɗa ba. Da yana raye kullum ina ji a bakin wasu, abokansa suna sallama daga zaure. Da ya rasu sai zauren ya yi tsit. 'Ya'ya su ce Baba, maƙwabta su ce marigayi. Na so in zauna da wanda ya san shi tun yana yaro, ya kira shi, ya ba ni labarinsa. Idan Yaya Hadi ta tafi, babu sauran mai yi min wannan a duniya.

Matsalar ita ce hanya. Motar da ke shiga ƙauyen ranar kasuwa kaɗai take zuwa, a-kori-kura ce, a kan buhuna ake zama. Gwiwoyina ko adaidaita sahu ba sa hawa sai da dabara. Autata Rabi, wadda take aikin unguwarzoma, ita ta ce, "Inna, dama aikina yana kai ni ƙauyuka, duk damina ƙaramar motata sai ta maƙale. Zan sayar da ita in nemi jif mai jan ƙafa huɗu. Ni zan kai ki."

Na ce, "Ke da ba ki taɓa sauka daga kwalta ba?"

Ta ce, "Zan koya."

To a nan tafiyar ta fara, a wurin zaɓen mota. Rabi ta ce dole in je, tunda ni za a ɗauka. Muka tafi da mijinta Auwalu, malamin makaranta, mutumin kirki amma ko keke ba ya tuƙawa da kyau. Muka biya Unguwa Uku muka ɗauki Oga Emeka, bakanike, wanda ya daɗe da sanin Malam. Duk Sallah Malam ne yake wanke masa hular da yake sawa ya je gaida maƙwabta.

Dillalin, wani Alhaji Garba mai baki kamar rediyo, ya fara kai mu wurin wata fara tas. Kujerunta laushi, sanyi yana busowa, ba ta da tsayi, na shiga ba wanda ya riƙe ni. Ya ce, "Hajiya, wannan ko kan dutsen Dala za ta hau."

Emeka ya kwanta a ƙasa ya leƙa cikinta, ya taso yana kakkaɓe riga. Ya ce, "Za ta hau, Alhaji. Wa zai sauko da ita? Dubi cikinta, kusa da ƙasa kamar agwagwa. Wannan ta biki ce. A rairayi ciki yake fara kwanciya kafin taya."

Ta biyu wata ƙatuwa ce baƙa, an sa mata tayoyi kamar na tarakta. Auwalu ya tsaya yana shafa ta. Emeka ya ce, "Malam Auwalu, cire hannunka. Idan wani abu ya karye a jikinta, a Kano ma sai an yi wata ana nema, balle a daji. Kuma shan mai take kamar ana zuba wa rami. Mai koyo ba ya farawa da babbar dabba."

Ta ukun tana can baya, toka-toka, fentinta ya koɗe, kujerar gaba da faci. Sandar giya biyu gare ta, babba da ƙarama. Emeka ya tayar da ita ya kasa kunne, ya duba ko tsatsa ta ci ƙasanta, ya sa ƙaramar giyar ya ga tana shiga. Ya ce wa Rabi, "Wannan duk ƙauyen da kika je akwai wanda ya taɓa kwance irinta. Idan kika goge ta da itace ba za ki yi kuka ba. Amma tambayi Mama."

Na je bakin ƙofa na ɗaga ƙafa. Ba ta kai ba. Na sake, na kusa faɗuwa. Auwalu ya miƙo hannu, sai ya tuna ko ni wace ce a wurinsa, ya janye, ni ma na juya masa baya. Suruki ya ɗaga ni? A tsakiyar kasuwa?

Rabi ta ce, "Mu ɗauki farar kawai. Ba zan wahalar da Inna ba."

Na tambayi Emeka, "Ɗana, farar za ta kai ni ƙofar Yaya Hadi?"

Ya ce, "Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Za ta kai ki kusa."

Na ce, "Kusa na zauna shekara arba'in. A ɗauki mai tsayin. Ina da abin takawa."

Abin takawar kujerar Malam ce, 'yar tsugunno ta itace, wadda yake zama a kai ya yi alwala. Da ita ya zo daga garinsu. Ta yi baƙi ta yi santsi saboda daɗewa. Tun rasuwarsa tana nan gefen buta inda ya bar ta, ko sharewa zan yi sai dai in zagaye ta. Ranar da na ɗauke ta na kai bakin mota na sa ƙafa a kai, sai da na nemi gafararsa a zuciyata.

Rabi ta yi makonni tana zuwa bakin kogin Tamburawa da Emeka, inda 'yan tifa suke ɗiban yashi, tana koyo. Ya koya mata rage iskar taya kafin shiga rairayi. Ya nuna wa Auwalu wasu makullai a tsakiyar tayoyin gaba, ya ce sai an sauka an murɗa su da hannu, duka biyun, sannan ƙafafun gaba za su ja. Ya haɗa mana shebur, da famfo, da jak, da wani faffaɗan katako da ake ɗora jak a kai.

Muka fita bayan sallar asuba. Su biyu a gaba, ni kaɗai a baya da tsarabata: goro, sabulu, turmin atamfa, da kujerar a kan cinyata. Ta Kazaure muka bi, muka wuce Daura. Suna ta hirarsu ta mata da miji, wa ya manta cajar waya, wa ya bar makulli. Har suka ɗan yi musu. Ni ina jin su ina kallon wurin da ba kowa a gefena. Duk garin da muka wuce sai in ce a raina, nan ma ya taɓa bi, yana saurayi, da wannan kujera a ka.

A bakin iyaka aka ce kowa ya sauko. Auwalu ya ajiye min kujera, na taka na sauka, ma'aikatan suna kallo suna murmushi. A ɓangaren Nijar wani jami'i dogo siriri ya karɓi takardun mota, ya dubi Auwalu ya ce, "Kai ne direba?"

Auwalu ya ce, "A'a, ni ne yaron mota."

Aka yi dariya. Sai ya juyo gare ni. "Tsohuwa, wurin wa za ki?"

Na ce, "Wurin yayar mai gidana."

"Yaya sunan mai gidan?"

Na sunkuyar da kai. Ya jira, sannan ya ce, "To, to. Uwata ma haka take. Ko alƙali bai isa ba." Rabi ce ta faɗa masa, da sauri, kamar tana karanta sunan magani a jikin kwalba. Ya rubuta ya miƙo. Abin ya soke ni. Wato yanzu nan kaɗai sunansa yake fita, a bakin tebur.

Daga nan muka bi ta Matamaye zuwa Damagaram. Hausa dai Hausa ce, amma sai ka kasa kunne. Asibiti su ce likita, makaranta su ce lakwal, gero kuma hatsi kawai suke ce masa kamar babu wani hatsin a duniya. Na ga mata manya a kan babur, da mayafinsu da komai, ba mai ko juyawa ya kalle su.

Mun sauka a gidan Hajiya Mariyama, ƙanwar wani abokin Malam. Ta kawo mana burodinsu, dogo kamar sanda, ɓawonsa ya kusa cire min haƙorin da ya rage. Da na jiƙa shi a miya sai na ji daɗinsa. Fura kuwa a can ba abin sha ba ce bayan abinci kamar mu, ita ce abincin rana, a ƙwarya babba, kowa da ludayinsa. Ta ba ni cuku, busasshen nono mai faɗi kamar takarda. Mijinta, wani tsoho mai raha, ya dafa shayi a 'yar buta, ɗaci kamar maɗaci, a kofi ɗan mitsitsi. Na shanye na gode, ashe akwai na biyu da na uku, kuma tashi kafin na ukun rashin ladabi ne.

Hajiya Mariyama tana ta yi masa faɗa. "Sukarin nan zai kashe ka, Alhaji."

Shi kuma ya ce, "In bai kashe ni ba ai ke za ki kashe ni da magana."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Sannan na ce zan je in yi la'asar, na shiga ɗaki na rufe fuskata da mayafi. Ba abin da na yi kewa kamar wanda zan yi wa faɗa.

Da safe muka kama hanyar arewa. Bayan tafiya mai ɗan nisa muka bar kwalta a wata kasuwa, inda aka nuna mana sawun motoci aka ce mu bi. Rabi ta rage iskar tayoyi. Ta ce wa Auwalu ya murɗa makullan. Ya murɗa na dama, yana zagayawa hagu sai ga wani dattijo a kan raƙumi ya yi sallama. Gaisuwar mutanen can ba ta ƙarewa: ina gida, ina bisashe, wato dabbobi, ina zafi, ina gajiya, a koma a sake. Da suka gama Auwalu ya shigo mota ya ce bismillah. Ba wanda ya lura bai murɗa na hagun ba.

Da farko ƙasa mai tauri ce, muna tafiya lafiya. Sai muka gangara wani busasshen rafi, rairayi fari sul. A tsakiyarsa motar ta fara nishi. Rabi ta tsorata ta taka totur, tayoyin baya suka yi ta haƙa, har cikin motar ya kwanta. Ta kashe, ta kifa kai a kan sitiyari.

Da Auwalu ya gano makullin hagu a buɗe yake, ya tsaya kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya murɗa shi, amma an makara, mota ta riga ta zauna. Sai an ɗaga ta an cusa itace a ƙarƙashin taya. Aka nemi katakon Emeka, babu. Ashe an sauke shi a tsakar gidan Hajiya Mariyama lokacin da ake gyara kaya, bai koma ba. Suka kafa jak a kan yashi, duk murɗawa sai ya nutse. Suka sa tabarmar mota, ta lanƙwashe. Ba dutse ko ɗaya a wurin, ba sabis a waya.

Ni ina zaune a kan kujerar Malam a 'yar inuwar mota. Rana ta take. Ban taɓa jin shiru irin na wurin nan ba. A Gyaɗi-Gyaɗi ko kana kuka akwai janareton maƙwabci da zai taya ka. Nan ko tsuntsu babu. Na ce a raina, ga ni kusa kuma.

Na ga Rabi ta kalli kujerar, ta kawar da kai. Ba za ta iya tambaya ba. Na dafa mota na miƙe, na ce, "Ku ɗauka."

Ta ce, "Inna, za ta iya fashewa."

Na ce, "Ya ce zai kawo ni garinsu. To ga ranar. Ku ɗauka."

Suka kifa ta, mazaunin a ƙasa, suka ɗora jak a tsakanin ƙafafunta. Ana cikin haka wasu mata biyu suka ɓullo a kan jakuna da jarkokin ruwa. Ba su tambayi ko mu su wane ne ba, suka sauka suka hau saro rassan sabara. Babbar ta dubi Rabi da shebur, ta dubi Auwalu, ta ce, "Ke kike tuƙi, ke kike haƙa? To shi me kika ajiye shi yana yi?"

Rabi ta ce, "Gaisuwa."

Har Auwalu sai da ya yi dariya. Mota ta fara ɗagawa. Sai na ji ƙas! Kamar a ƙirjina. Kujerar ta tsage daga gefe, ƙafa ɗaya ta ɓalle, amma ta riƙe har aka cusa rassan. Rabi ta shiga ta sa ƙaramar giya, wannan karon a hankali, kamar mai fita daga ɗakin mara lafiya. Motar ta taka rassan ta fita. Na tono kujerar da hannuna, na ɗaure ƙafar da gefen ɗankwalina. Matan nan su suka tallafe ni na hau. Da suka ji inda za mu, suka ce, "Hadi makauniya? Tana nan, jiya ma an kai mata hura." Na ce alhamdulillahi.

Mun isa da yamma. Gidaje kaɗan ne, ɗakin Yaya Hadi an shimfiɗe shi da farin rairayi mai tsabta maimakon siminti. Tana kwance a kan tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya. Na durƙusa na yi sallama. Ta ce, "Sake faɗa." Na sake. Ta ce, "Ke ce." Ta lalubo fuskata, muka yi kuka har muka gaji, ba wanda ya ce mu yi haƙuri.

Na miƙa mata goro da atamfa, ta sa albarka ta ture gefe. Hannunta ya faɗa kan kujerar da ke kusa da ni. Ta tsaya. Ta shafa mazaunin, ta juya ta, ta bi ƙasanta da yatsa har ta sami wani ɗan rami da ni ma na san shi amma ban san dalilinsa ba.

Ta ce, "Kujerar Baffa, mahaifinmu. Tanko! Ashe kai ka sace ta!"

Na ce, "Wane ne Tanko, Yaya?"

Ta ce, "Mijinki mana. Mu mata uku muka riga shi, da ya zo aka ce Tanko. Sunan yanka na malamai ne, mu nan ba wanda ya san shi da shi. Wannan ramin shi ya haƙa da wuƙar Baffa, aka zane shi, ya ɓuya a rumbu har dare. Ranar da ya gudu Kano aka nemi kujera aka rasa, Baffa ya yi shekara yana zargin maƙwabci."

Tana dariya hawaye yana zuba daga idanun da ba sa gani. Ni kuwa shekara arba'in ina kwana ina tashi da mutum, ban san ya taɓa zama Tanko ba, ban san ya taɓa ɓuya a rumbu ba.

Kwanakin da muka yi, daga safe har yamma ina gefenta. Ta ba ni labarin tsoron raƙumi da yake yi, da yadda ta goya shi zuwa rijiya. Ni kuma na ba ta tsufansa: furfurarsa, tarin da yake yi kafin ya yi sallama, yadda yake jera huluna a rana kamar 'ya'yansa. Kowacce ta ba 'yar uwarta rabin da ba ta gani ba. Kullum kujerar tana jikinta, hannunta a kai.

Ranar komawa na ɗauki kujerar, na ga yadda yatsunta suka bi ta. Na mayar na ajiye mata. Ta ce, "Da me za ki hau motar?" Na ce Allah zai kawo dabara.

A bakin mota na tsaya ina kallon tsayinta. Sai Auwalu ya zo ya durƙusa, ya kafa gwiwa ɗaya, ya juya fuskarsa can. Ya ce, "Inna, taka. Ba na kallo." Na ja mayafi na rufe fuskata, na taka gwiwar surukina na hau. Haka muka yi a Damagaram, haka a iyaka, haka a ƙofar gida. Har yau ba mu taɓa tayar da zancen ba, ku ma kada ku tayar.

Masu tambaya ko motar ta yi kyau, ta yi. Tana nan Tarauni a ƙofar gidan Rabi, duk jikinta sawun ƙaya. Ba a daɗe da dawowarmu ba mai fataucin nan ya zo ya ce Yaya Hadi ta cika. Allah ya jiƙanta, ya haɗa su a inda ba a rabuwa.

Yanzu gefen buta ba komai, sai ɗan wurin da simintin ya fi haske. Da asuba idan na fito alwala, gidan shiru, nakan tsuguna a wurin. Wancan sunan har in mutu ba zai fita bakina ba. Amma wannan ba wanda ya taɓa hana ni. Nakan ce, "Tanko, ka tashi lafiya?"

Malama, ajiye alƙalamin haka nan.